Gangar Tanimu a Gaban Alƙali

An kama Tanimu direba da 'yar gangar katako a motarsa, aka gurfanar da shi gaban alƙali.

"Ka tabbatar mana ba giyar wuski ba ce a ciki," in ji alƙali, "amma ba mai buɗe haram a kotuna. In ka kasa, bulala."

"Allah gafarta Malam, ni ban san wuski ba. A kwatanta mini ita, in faɗi ko ita na ɗauko."

Magatakarda ya yi caraf ya ce, "Ɗaci gare ta kamar maɗaci."

"Kai, jahili!" alƙali ya daka masa tsawa. "Ta ganga da zaƙi take farawa, kamar dabino, sannan ta ƙona maƙogwaro har..."

Kowa a kotu ya zuba wa alƙali ido.

"Har ina, Allah gafarta Malam?" in ji Tanimu.

"Ɗauki gangarka ka ba mu wuri."