Ranar Da Ɗalibai Suka Kwashe Jujin Baba Cindo

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya da ɗan dama, wani bawan Allah ana ce da shi Malam Yusha'u. Malamin kwaleji ne, ba mai yawan magana ba. Darasinsa shugabanci, wato yadda mutum zai shiga cikin jama'a ya kawo gyara. Shi kuwa bai tsaya ga allo ba. Yakan raba ɗalibansa unguwa-unguwa, su je su yi wa mutane hidima, a can za su koyi abin.

Wata shekara, dab da faɗuwar damina, ya tura wasu daga cikinsu wata unguwa a bakin gari. Ya ce, "Ku je ku gaisa da mutane, ku ji abin da ke damunsu. Kada ku taɓa komai tukuna." Sai aka yi masa rasuwa a ƙauyensu, ya tafi zaman makoki.

To, ku saurara. A unguwar nan akwai wani ƙaton juji, ga wari, ga ƙuda. Jagoran ɗaliban, wani saurayi mai kaifin baki, Nafi'u, ya ce, "Wannan har sai an yi tambaya?" Suka samo tifa, suka kwashe jujin tas, suka zubar a kududdufi, suka jeru aka ɗauke su hoto.

Ashe jujin na wani tsoho ne, Baba Cindo. Gonarsa jigawa ce, in ba taki ba ta ba da komai. Shekara guda maƙwabta na zuba masa toka da shara da kashin awaki, in damina ta kusa ya yi ta jidarsu a jaki zuwa gona. Geron gonar nan shi ne abincin gidansa.

Ran da Malam ya dawo, ya tarar da tsohon zaune a ƙofar kwaleji.

"Kai ne malamin masu gyara?"

"Ni ne, Baba."

"To, sun gyara ni. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, gonata kuwa fayau. Me zan shuka a kai, hoto?"

Abokan aikinsa suka ce, "Malam, ai ba ka nan. Kuma ka hana su, ba su ji ba. Ka kayar da su a jarrabawa kawai, a wuce wurin." Gaskiya suka faɗa, yana da mafita. Malam ya dubi ƙafafun tsohon, duk faso. Sai ya ce, "Baba, ni na tura su. Ka ara mini jakinka da mangala."

Kashegari bayan asuba ya sa tsohuwar riga, ya kora jaki zuwa kara, inda ake sayar da shanu. Ya roƙi dillalai su bar shi ya kwashi kashin shanu. Ya cika mangala, ya kai gona, ya juye, ya komo. Ya cika, ya kai, ya komo. Masu shayi a bakin hanya suka samu abin yi.

"Malam, an sallame ka daga kwalejin ne?"

"Ashe ƙarshen boko kashin shanu!"

Shi dai sai ya ce, "Sannunku da hutawa," ya kaɗa jakinsa. Ku lura, jama'a, bai kira ɗalibi ko ɗaya ba, bai zagi kowa ba. In lokacin aji ya yi, ya wanke jikinsa ya shiga ya koyar, in an tashi ya koma kara.

Labari ya kai ɗakunan kwanan ɗalibai. Suka fara zuwa, mai kwando, mai buhu, har 'yan matan cikinsu. Nafi'u ne ya zo ƙarshe, da farin takalminsa, ya tsaya daga nesa.

"Malam, wannan aikin akwai maki a ciki?"

"Babu maki. Shebur dai ga shi nan."

Sai Nafi'u ya tuɓe takalmin, ya ɗauki shebur.

Ruwan shuka ya sauka ba su gama ba, gefen yamma na gonar bai samu taki ba. Baba Cindo ya dubi wurin ya ce, "Wancan sai baɗi. Wannan kuwa zai ci da mu, in Allah ya so." Haka aka yi. Geron yamma ya tsumbure, sauran ya yi zangarniya, gidan tsohon bai kwana da yunwa ba.

'Yan'uwa, ga darasin, ba ɓoye-ɓoye. Shugaba shi ne wanda in na ƙasa da shi sun yi ɓarna, ba ya neman inda zai fake, ko da yana da hujja. Yakan ɗauki nauyin, ya fara gyara da hannunsa, na baya su gani su biyo. Kowannenmu nan yana da waɗanda yake turawa: ɗa, ƙane, yaron shago, ɗalibi. Ran da aka zo ƙofar gidanka da ƙara a kansu, kada bakinka ya yi saurin cewa ba ka nan. Ka tambayi abin da ya lalace, ka tashi ka fara gyara. Allah ya ba mu ikon yin haka.