Kofin da Mai Gidan Reno Ta Kaɓar

Akwai wata mata mai gidan renon yara, wadda iyaye ke yabo saboda ƙyallin kwanukanta. Ku karanta a tsanake, ban yarda a tsallake layi ba.

Injin wanke kwanukanta ya lalace. Maimakon ta gyara, sai ta sa ma'aikatanta su riƙa zuba garin sabulun injin a baho, suna wanke kofunan yara da hannu. Ɗauraya kuwa tsomawa ɗaya ce, a ruwan da ba a canjawa sai yamma.

Wata kaka mai kawo jikanta ta lura leɓen yaron yana saɓa. Yana ƙin shan ruwa, yana riƙe ciki. Ta gaya wa ɗanta, ya ce haƙori ne.

Rannan ta buɗe kofin yaron, ta shafa cikinsa da yatsa. Santsi. A lungun marfin kuma wani farin abu ya daskare.

"'Yar nan, kofin nan bai sha ɗauraya ba," in ji kaka.

Matar ta yi dariya. "Kaka, yaushe kika zama duba-gari? Ƙamshin tsafta ne. Maigidan nan naki shagwaɓa ce ke damunsa."

Yaro ya ci gaba da ramewa.

Wata rana matar ta zo da 'yar autarta. Lokacin tashi, iyaye sun cika falo, yarinyar ta ce ƙishirwa take ji. Wata ma'aikaciya ta miƙa mata ruwa a ɗaya daga cikin kofunan nan.

Kafin ya kai bakinta, uwar ta zaburo ta kaɓar da shi.

"Ba na ce kada a ba ta a waɗannan ba?"

Kofin ya gangara har gaban kaka. Ta duƙa ta ɗauka.

"Ashe kin sani," ta ce.

Washegari babu yaron da aka kawo, dole ta rufe gidan renon. Jikan kaka ya ga likita, yana samun sauƙi. Amma har yau matar ba ta ba kowa haƙuri ba, kuma rufe ƙofa bai wanke ta ba. Ya kamata ta fito gaban iyayen nan ta amsa laifinta, ta ɗauki nauyin maganin yaran.

Darasi: Kofin da ba za ki ba ɗanki ba, kada ki miƙa wa ɗan wani. A ɗauraye kwano da ruwa mai tsafta har santsi ya fita. Ku tura wa duk mai ciyar da yaran mutane.