Mayafin da Aka Kawo Daga Nesa

Akwai wani makiyayi da ya tashi tafiya ƙasa mai nisa. Ya danƙa tumakinsa a hannun yayarsa, ya ce, "Yaya, ki kula mini da su har in dawo."

Bayan wata uku sai wani farke ya iso da mugun labari, wai ciwo ya kama makiyayin a hanya, har an lulluɓe shi. Ya miƙa mata farin mayafin da aka ce da shi aka rufe shi.

Matar ta yi kuka, ta shimfiɗa mayafin a inuwar ɗakinta. Da la'asar, hasken rana ya sauka a kansa, sai ta ga wata alama dishi-dishi kamar fuskar mutum. Maƙwabta suka taru. Wani ya ce ga goshi nan, wata ta ce ita fure take gani, wani tsoho kuwa ya ce tabon gumi ne kawai. Kullum gardamar ke nan. Ita dai tana zaune tana kallo, tumaki suna kuka a garke. Suka rame, har ɗan rago guda ya mutu.

Wata safiya aka yi sallama a ƙofa. Ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "A dakata, fuskar ƙanena nake dubawa."

Mai sallamar ya ce, "Yaya, juyo mana."

Ta juya, sai ga shi tsaye da ransa. Ta riƙe shi. Da ta natsu, ta tambaye shi ko fuskarsa ce a mayafin. Ya ce, "Naɗe shi ki adana, na san ƙauna ce ta sa. Amma ina tumakina?"

Ta sunkuyar da kai. Ya kama hannunta, suka nufi rijiya tare.

Ga ma'anar wannan misali. Makiyayin shi ne Yesu Almasihu. Mayafin kuwa kamar likkafanin nan ne da wasu suke girmamawa, suna cewa da shi aka binne Yesu, har ana ganin kamanninsa a jiki, wasu suna musu. Kada mu rena masu girmama shi, kada kuma mu ƙare kwanakinmu a kan gardamar. Ubangijinmu ya tashi, yana da rai. Tumakinsa su ne gwauruwar da ke bayan gidanka, da marar lafiyar da ba ka gaishe shi ba tun makon jiya. Ran da ya yi sallama, su zai tambaya.