Dillalin da Ya Rushe Ɗakinsa Saboda Bene

Akwai wani dillalin filaye a Kaura Namoda, sunansa Abdulhadi. Shekara huɗu da samun jihar Zamfara, wani kamfani ya zo da shirin gina benayen alfarma a unguwarsu, bayan tashar jirgin ƙasa. Hawa huɗu-huɗu, kowane hawa gidan mutum guda, ga janareta ga maigadi. An ce manyan ma'aikatan sabuwar jiha ne za su saya.

Kamfanin ya ɗauki Abdulhadi ya shawo kan maƙwabta su sayar da gidajensu. Aka yi masa alkawarin gida a hawa na biyu.

Ya riƙa yawo da hoton ginin a cikin leda. Da ya nuna wa wata tsohuwa, Yalwa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗana, ina awakina za su kwana a nan?"

Ya yi dariya. "Inna, wanga gini ba na masu awaki ba ne."

Mutane suka yi ta jan ƙafa. Don ya buɗe musu hanya, sai ya fara da gidan mahaifinsu, wanda ba a raba gadonsa ba. Ƙanwarsa Asiya tana zaune a ciki da 'ya'yanta uku tun rasuwar mijinta.

Ta ce, "Yaya, ina da rabo a gidanga, kuma ba ka tambaye ni ba."

"Mi kika sani a harkar ci gaba? Koma Kurya Madaro wurin dangin mijinki."

Ya sa hannu a takardar cinikin gidan shi kaɗai. Ya kai iyalinsa gidan surukai a Shinkafi, ya sa aka rushe ɓangarensa don kowa ya gani.

Asiya ba ta yi hayaniya ba. Ta tafi kotun shari'a, limamin unguwa ya tsaya mata shaida. Alƙali ya saurari kowa, ya ce wa Abdulhadi, "Ka sayar da abin da ba naka kaɗai ba." Ya soke cinikin.

Gidan nan a tsakiyar filin da kamfanin zai yi ginin yake. Da sauran maƙwabta suka ji hukuncin, su ma suka ƙi sayarwa. Kamfanin ya kwashe kayan awonsa ya bar garin, ko sallama bai yi wa Abdulhadi ba.

Damina ta ƙarato, surukai suka aiko ya zo ya ɗauki iyalinsa. Ya dawo da su, ya tsaya a gaban tulin ƙasar da a da ɗakinsa ne.

Asiya ta fito. Ta riga ta kwashe kayanta daga ɗaya cikin ɗakunanta biyu.

"Yaya, ku shigo, hadari ya taso."

Ya shiga da iyalinsa. A ɗakin nan ya yi damina biyu kafin ya sake gini, na ƙasa.

Darasi: Kada kwaɗayin abin da aka yi maka alkawari ya sa ka take hakkin ɗan'uwanka. Tura wa wanda kake ganin zai amfana.