Shingen da Ido Ba Ya Gani

An ce wai a wata ƙasa ta bakin gulbi, rigimar manoma da makiyaya ta ishi hakimi, har ya sa aka kawo wata dabara daga birni. Aka ɗaura wa kowace saniya na'ura a wuya. Ba itace aka kafa ba, ba ƙaya aka ja ba. A cikin wayar hannu aka zana iyaka. In saniya ta matso kusa da layin sai abin wuyan ya yi ƙara, in ta yi taurin kai ya ɗana mata lantarki. Aka kuma yi shela: duk wanda ya kwance abin wuya, garkensa ya zama na hukuma.

Wanda ya zana iyakar shi ne Malam Ilu, malamin dabbobi, mutum ne mai son takalminsa ya zauna fes. Yana zaune a ofis da damina, ya dubi hoton da aka ɗauko daga sama, ya ga tafki cike a tsakiyar makiyaya, sai ya ce ruwa ya wadata, ya ja layinsa ya datse burtalin da ke gangarawa gulbi.

A cikin makiyayan akwai wani dattijo, Julde, mai shanu arba'in, kowace da sunanta. Da bazara ta kama, tafkin ya koma taɓo, taɓon ya tsage. Shanu suka riƙa jeruwa a bakin layi suna kallon gulbi, ga ƙamshin ruwa a hancinsu, ga ƙara a wuyansu. Sau uku Julde yana zuwa ofis, sau uku ana ce masa Malam ya tafi taro. Da ya ja gawar saniya ta goma sha biyar, baƙin ciki ya ci ƙarfinsa, ya zare wuƙa ya yanke abin wuyan sauran. Suka kwasa a guje, suka bi ta kan lambun albasar wani manomi, Tanimu, suka tattake shi kaf.

Aka kama shanun, aka mayar musu da na'urorin, aka tsare su a makiyayar nan har a yi shari'a. Kwana tara aka ɗauka kafin magana ta isa gaban Alƙali Mu'azu.

Alƙali ya ga abin da wuya. Doka a fili take, kuma hakimi ne ya kafa ta. Lambun talaka ya lalace, kuma ba laifinsa. Ya tambayi Julde ko yana da abin cewa.

Julde ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na yanke, ban musa ba. Ubana ya koya mini yadda ake kare su daga kura. Bai koya mini yadda zan tsaya ina kallo ƙishirwa na cin su ba."

Alƙali ya ce gobe da hantsi za a yi zaman a makiyaya. Da aka hallara, har da Tanimu da Malam Ilu mai ƙara a madadin hukuma, ya ja layi a ƙasa da sandarsa ya kewaye kowa, har da kansa. Ya sa aka ajiye randar ruwan sanyi taku uku a bayan layin, ya ce wanda ya tsallaka kafin a tashi, ya sarayar da ƙararsa. Sannan ya shiga tambayoyi a tsanake, kamar wanda ba shi da inda za shi. Rana ta take. Lokacin azahar ya yi, ya ce a yi taimama. Tanimu, da yake ya saba da rana, ya daure. Malam Ilu kuwa leɓɓansa suka bushe, idonsa ya kafe a kan randa. Kafin la'asar ya miƙe ba tare da neman izini ba, ya tsallaka, ya kafa kai a moɗa.

Alƙali ya bari sai da ya ƙoshi, sannan ya ce, "Malam Ilu, kana da hankali, ka san doka, kuma ba lantarki a wuyanka, amma yini guda ya gagare ka. Dabba ta yi wata biyu. Wanda ya rufe hanyar ruwa shi ya tattake lambun nan, don haka kai za ka gyara wa Tanimu. A buɗe burtali, a sakar wa Julde shanunsa."

Jama'a suka yi ta yaba hikimar alƙali. Julde dai ya nufi wurin shanunsa. A kwanaki goman da aka yi ana jiran gaskiya, garken ya ƙare saura shida, su ma ƙashi da fata. Ya kora su gulbi a hankali, biyu suka kwanta a hanya ba su sake tashi ba. Ya zauna a bakin ruwa yana kiran sunayen waɗanda babu, yana kuka irin na wanda ya san shekarunsa ba za su kai ya sake tara garke ba.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, kada a ba mutum ya ja iyakar ƙasar da bai taka da ƙafarsa ba, domin kuskurensa a yini ake yi, gyaransa kuwa sai bayan an gama asara.