Mai Gadin Ƙanƙara

Akwai wani mutum, autan gidansu, da ya tafi aiki can ƙarshen duniya ta kudu, inda ba a ganin komai sai ƙanƙara. Shi da abokan aikinsa sukan huda ƙanƙarar da ruwan zafi, su zura na'urori masu kama da tulun gilashi, ramin ya sake daskarewa a kansu. Abin da suke jira wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, masu tasowa daga can bayan taurari. Jefi-jefi ɗaya takan bar ɗan haske shuɗi a cikin ƙanƙarar.

Sai dai na'urorin kullum cikin ganin ƙyalli suke, kusan duka daga sararin nan na kusa. Aikin mutumin shi ne tankaɗe: mai yawan zuwa a zubar, na nesa a ajiye. Ya kuwa ƙware.

Uwarsa takan aiko masa da saƙon murya. Maganar ɗaya ce kullum, ko ya ci abinci, ko ya rufe kunnuwansa. Takan tsokane shi, wai 'ya'yan mutane suna gadin gona, nata yana gadin ƙanƙara. Da fari yakan yi dariya ya amsa. Daga baya ya daina buɗewa, tunda ya san abin da za ta ce.

Hunturu ya shiga, jirgin saman da ke mai da mutane gida ya daina sauka. A cikin hunturun ne hasken da ake jira ya bayyana. Murna ta kama shi, ya ɗauki waya don ya gaya wa uwarsa, sai ya tarar da saƙon yayarsa Rifkatu: Mama ta rasu, har an binne ta.

Ya zauna ya bi saƙonnin uwar ɗaya bayan ɗaya. Ba inda ta ce ba ta da lafiya. Amma muryar tana ta ƙanƙancewa, tari yana katse ta, tun lokacin da jirgi ke sauka. A na ƙarshe numfashi ya fi magana yawa.

"Auta, ka ci abinci kuwa?"

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Mu ne mutumin. Muna zuba ido Ubangiji ya yi mana magana da wata babbar alama daga nesa, alhali kullum yana kira ta bakin na kusa da mu, mu kuwa mun saba har mun daina ji. In akwai muryar da ka ajiye sai ka sami sukuni, ka amsa ta yau, tun jirgi yana sauka.