Kazar da Kaka Dudu Ta Cinye

"Ku matso kusa. Ke mai tari, zo nan gefena. To, ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta ƙaraso mu ji ta, Gwaggo!"

Wata mata ce a ƙauyen Rafin Kanya, sunanta Tabawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta ɗaya tak, Ladidi, tana aure a Tudun Gawo, tafiyar wuni guda. Tabawa ba ta da shanu, ba ta da awaki, amma Allah ya ba ta hannun girki. In mutum ya kwanta ciwo, bakinsa ya yi ɗaci, ya ƙi tuwo ya ƙi fura, ita ake kira. Ta dama, ta dafa, ta kai. Kwanonta bai taɓa dawowa da saura ba. Ita ma ta san haka, ko ba ka tambaye ta ba sai ta gaya maka.

Ana nan, ana nan, ƙarshen bazara, sai ga Jatau mijin Ladidi da rana tsaka, ya yi sharkaf da gumi. Gara ce ta shiga musu rumbu, ta cinye irin geron da suka ajiye. Ladidi kuwa ciki ya tsufa, ba ta iya doguwar tafiya. Shi ne ta aiko shi wurin uwarta ya karɓo iri, ya koma kafin ruwan shuka ya sauka. In ruwan nan ya zuba, kwana biyu ƙasa za ta yi da laima, sai ta bushe. Wanda bai zuba iri a cikin kwana biyun nan ba, shi da iyalinsa sai su yi shekara suna kallon rumbun maƙwabta.

Jatau ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa, ya gaida surukarsa. Ita kuma ta amsa daga bayan zana, don suruka ba ta zama ido da ido da mijin 'yarta, ko sunansa ba ta kamawa. Ta auna masa iri, ta ƙulle a jaka. Ya yi godiya, ya miƙe zai kama hanya. Sai jiri ya kwashe shi. Sai ya zube a kan tabarma, haƙoransa suna kaf-kaf-kaf. Masassara ce, da mura a kanta.

Tabawa ta ce, "Innalillahi! Kwanta, ɗan nan. Ka faɗo inda ya dace."

Ta jiƙa masa magani ya sha. Amma magani ba ya zama a cikin da babu komai. Sai ta ɗaura zani da kyau, ta shiga madafi.

Ranar farko ta dama kunun tsamiya. Ta surfa gero, ta wanke, ta daka da citta da kanumfari da ɗan barkono. Ta jiƙa tsamiya ta tace. Ta dama shi ba kauri ba ruwa-ruwa, ta ɗiga zuma. Irin kunun da in ya bi maƙogwaro sai hanci ya buɗe da kansa. Ta turo ƙwarya ta ƙarƙashin zana.

"Sannu, ɗan nan. Ga ɗan kunu."

"Sannu Iya. Allah ya saka da alheri. Ai na ƙoshi."

Sai cikinsa ya ce, "Ƙululu! Ƙarya yake!"

Sai Jatau ya yi ta tari don kada a ji.

To ku ji abin da ke damun bawan Allahn nan. A gidansu an raine shi a kan cewa namiji ba ya cin abinci a gidan surukai. Ruwa dai, ya kurɓa. Wanda ya share kwanon surukarsa, 'yan mata har waƙa suke yi masa a dandali. Ko da Tabawa ta koma cikin gida, ba kowa a zauren, bai iya sha ba. Ya ce a ransa, in ma ba a gan ni ba, ai ƙwarya za ta ba da shaida. Haka kunu ya huce, ya yi fata a sama.

Da yamma Tabawa ta janyo ƙwarya, sai ta ji ta da nauyi. Ta buɗe faifai. Kunu yana nan yadda ta zuba shi. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ita ko kusa ba ta kawo kunya a ranta ba, don a ganinta wanda ciwo ya kayar ya wuce wannan. Ta ce, "Ko tsamiyar ce ta yi yawa?" Ta ɗaga kai, sai ta hango ɗan hadari can gabas, ƙarami kamar faifai.

Rana ta biyu ta yi faten tsaki. Ta ɓarza dawa, ta bushe dusar. Ta tsinko yakuwa da rama, ta yanka gauta da albasa, ta daka gyaɗa da daddawa. Ta bar shi ya nuna luguf, mai ɗan tsami, yana tururi. Irin faten da mara lafiya yakan ce cokali ɗaya zai yi, sai a ji yana kankare kwano. Ƙamshi ya tsallaka katanga, har maƙwabciya ta fara cewa ita ma kanta yana ɗan sara mata.

"Sannu, ɗan nan. Ga ɗan fate."

"Sannu Iya. Allah ya ba da lada. Ai na ƙoshi."

Sai cikinsa ya ce, "Ƙululu! Ƙarya yake!"

Sai Jatau ya danne shi da hannu biyu, ya juya wa kwano baya. Yawu ya cika masa baki, hawaye ya cika masa ido.

Da yamma kwano ya dawo cike. Tabawa ta ɗanɗana faten, ta sake ɗanɗanawa. Ta ce, "Ni Tabawa! Ko hannuna ne ya tsufa?" Hadarin gabas kuwa ya yi girma, ya yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗawa. Jatau ya gwada miƙewa, ya sake zubewa. Tsoro ya kama Tabawa sosai, don ta tuna 'yarta tana can da tsohon ciki, ga gona a share, babu iri.

Rana ta uku ta ce yau za a yi ta ta ƙare. Ta kama budurwar kazarta, wadda take tattali don ta fara ƙwai, ta kai aka yanka. Ta fige, ta babbake, ta yanyanka. Ta daka citta da masoro da kimba da tafarnuwa, ta jefa attaruhu biyu, ta murza daddawa. Ta bar farfesu yana ɓararraka har nama ya fara sakin ƙashi. Romo ya yi ja, mai ya taso yana ƙyalli.

"Sannu, ɗan nan. Ga ɗan romo."

Murya ta fito can ƙasa-ƙasa. "Sannu Iya. Ai na... ƙoshi."

Cikin ma yau ba shi da ƙarfin magana. Da ƙyar ya ce, "Ƙulu."

Wannan karon Tabawa ba ta tafi ba. Ta yi takun ƙarya kamar ta wuce, sai ta dawo ta sa ido a wata 'yar kafa ta zana. Me za ta gani? Jatau ya ja jiki ya buɗe kwano. Ya kai hanci, ya shaƙa, ya lumshe ido. Ya tsoma ɗan yatsa ɗaya ya lasa. Sai ya waiga dama, ya waiga hagu, ya gyara tsokar da ta goce ya mayar da ita inda take, ya rufe kwano, ya kwanta yana ajiyar zuciya.

Tabawa ta dafe ƙirji. Ta ce a ranta, "Au! Ashe hannuna lafiya lau. Kunya ce za ta kashe mini mijin 'ya a zaure!" Dariya ta zo mata, tausayi ya zo mata. To amma ya za ta yi? In ta ce masa ta gane, kunyar ta ninka, ƙila ma ya rarrafa ya gudu. Ita kanta bakinta ba zai iya wannan magana da shi ba. Sai aka yi tsawa can nesa. Sai ta yafa gyale, ta yi ƙofar yamma da sauri, gidan yayanta, inda tsohuwar uwarta take.

Sunan tsohuwar Dudu. Ta tsufa har ta rankwafa, babu haƙori ko ɗaya a bakinta, amma harshen nan yana nan da kaifinsa. Ita ce kakar Ladidi. Kun kuwa san tsakanin kaka da mijin jika babu kunya, sai wasa da tsokana.

Tabawa ta ce, "Inna, taso. Yaron nan kwana uku bai ci ba."

Dudu ta ce, "Me kika dafa?"

"Kaza."

"Miƙo mini sandata."

Dudu ba ta tsaya bayan zana ba. Ta faɗa zaure kai tsaye, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ta zauna daɓas a bakin tabarmar Jatau.

"Kai, angon ƙarya! An ce kana garin nan kwana uku, ko ka zo ka gaida uwargida? Dube shi, wuya kamar na zalɓe. Da waɗannan ƙafafun za ka riƙe mata biyu, ni da jikata?"

Jatau ya buɗe ido. Murmushi ya suɓuce masa. Ya ce, "Tsohuwa, ai na sake ki tun bara. Ba ki da haƙori."

"Ka sake ni? To, tunda ba aure, ba ragowa. Mene ne wannan a kwano?"

Ta janyo kwano ta buɗe. Tabawa ta riga ta sake ɗumama romon, yana huci. Ta kurɓi romo, fuuut, ta yi gyatsa. Ta ce, "An ce ka ƙoshi. Madalla. Kowa ya shaida, kazar nan tawa ce, ni zan cinye ta." Ta faɗi haka da ƙarfi, har na kan hanya suka ji.

Sai ta ɗauki cinya ta kai baki. Ta mamula, ta mamula, cinya ta ƙi. Ta ce, "Wannan kaza da taurin kai take. Kai, rago, ungo, tausasa mini ita da haƙoranka."

Jatau ya karɓa don ya taimaki tsohuwa. Ya sa haƙori. Sai cinya ta wuce.

"La! Ɓarawo! Ina cinyata?"

"Ta zame ne."

"To ungo ƙirji, kada ya zame."

Ƙirji ma ya zame. Fiffike ya zame. Dudu tana zagi, tana turo masa kwano da ƙafa. Ta ce romon ya yi mata yaji, ya ɗanɗana ya ji in ƙarya take. Ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwano. Gumi ya karyo masa tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Hanci ya buɗe, ido ya washe. Ya tauna ƙasusuwa rumus-rumus, ya tsotse ɓargo. Sai ya kwanta, barci mai daɗi ya ɗauke shi.

Dudu ta turo kwano ta ƙarƙashin zana. Tabawa ta ɗauka, sai ta ji shi sakayau. Ta buɗe, ba komai sai tattaunannun ƙasusuwa. Daɗi ya kama ta har ta yi ƙwalla. Ta share ido da bakin zani, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Haba Inna! Kin cinye wa baƙo abinci, ko ƙashi ba ki bari ba!"

Dudu ta ce, "Na cinye ɗin. Gobe ma ki dafa."

Da asuba Jatau ya miƙe garau. Ya durƙusa ya yi sallama da surukarsa, kansa a ƙasa, ita tana bayan zana. Ba wanda ya ambaci kaza. Ya saɓa jakar iri, ya kama hanya, hadari yana bin sa a baya. Yana sa ƙafa a ƙofar gidansa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Washegari da sassafe yana gona yana saran rami, ƙannensa suna bin sa da iri, Ladidi kuma tana zaune a gindin gawo tana yi musu sannu.

A Rafin Kanya kuwa labari ya bazu, wai tsohuwa Dudu mara haƙori ta tauna kaza guda har ƙashi. Mata suka yi ta zuwa kallon bakinta. Ita kuma ta wangale musu dasashi, ta ce, "Ku duba da kyau. Duk wadda take shakka ta yanko tata mu gwada." Kowa a garin ya san cikin da kazar ta shiga, amma har Dudu ta koma ga Allah ba wanda ya ƙaryata ta.

Ƙurunƙus, kan ƙusu ya faɗa tukunyar romo. In kun kai wa mara lafiya abinci ya ce ya ƙoshi, kada ku yi fushi ku ɗauke kwano. Ku duba abin da ya hana shi ci, ku kawar masa da shi a hankali. Ke kuma mai tari, kunun nan da kika ture tun magariba yana nan a rufe. Nan ba gidan surukanki ba ne, ɗauko ki shanye.